Shaidu Biyu da Tukunyar Arminda

Junsele, Suwidin
24 ga Yuli

Sixten, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya kwankwason? Yaya kunnen, ko har yanzu na'urar jin tana cikin aljihun tebur tana sauraren hirar cokula? Ni lafiyata ƙalau, in ka cire gwiwar hagu da ta fara yi mini gardama a kan matakala. Likita ya ce in rage kofi, na ce masa ya rage shisshigi. Bana dankali ya yi kyau a Junsele, sauro ma ya yi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Zaɓe ranar Lahadi ne, sha huɗu ga Satumba. Na san ka sani. Amma na kuma san cewa shekara tara da kuka yi a Fotugal, matarka Berit ce mai kula da takardu, kuma wannan ne zaɓen farko tun rasuwarta. Shi ya sa na karɓo maka kayan zaɓe ta gidan waya, ga su nan a ciki.

Ka saurara, malamar makaranta ce ke magana. Kada ka taɓa su kafin talatin da ɗaya ga wata. Ka rubuta sunan jam'iyyarka a takardar ƙuri'a, ka sa a ƙaramin ambulan, ka manne, ka sa ƙaramin a cikin na biyu. Duk wannan a gaban mutum biyu za ka yi, manya, su ga kai ne da hannunka, amma kada su ga abin da ka rubuta. Su sa hannu a bayan ambulan. Sannan ka jefa a gidan waya na can. Na can na ce. Kada ka ba wani mai tahowa gida ya jefa maka a nan, don in aka ga kan sarkin Suwidin a jikinsa gefe za a ajiye shi, ba za a ko buɗe ba.

Kada ka ɗauka son jam'iyyarka ta ma'aikata ne ya kama ni da tsufa. Ina nan da tawa ta manoma. Amma ka tuna kakarka Hulda da kakata Alma, ya da ƙanwa, yadda suka taka kilomita goma sha biyu a 1921, shekarar da aka fara barin mata su yi zaɓe, suna faɗa tun daga gida har bakin akwati, kowacce ta jefa wa nata, suka dawo suna faɗa. Mu ne muka gaje su. Shekara hamsin ke nan ƙuri'arka tana soke tawa, tawa tana soke taka. In ba ka jefa ba bana tawa za ta yi aiki, ni kuwa ban saba ba.

Bana ma ina kan teburin zaɓe a makarantar Junsele ranar Lahadi, ranar Laraba kuma ina Sollefteå wajen ƙidayar ƙuri'un da suka makara. Sunanka yana nan a rajistarmu, don haka ambulan ɗinka ta hannuna zai bi. Ina jira.

'Yar'uwarka,
Gunvor


Ponte de Lima, Fotugal
3 ga Agusta

Gunvor,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, irin lafiyar mai shekara saba'in da shida. Kwankwason yana nan, shi ke tashina da safe. Na'urar kuma ba a aljihun tebur take ba, a kan firji take, ki daina ƙirƙira. Zafi a nan ya kai tumatir na neman dahuwa a jikin uwarsa. Inabin da Berit ta dasa ya rufe ƙofar baya. Ban san yadda ake rage shi ba, sai na koma bi ta gaba.

Na ga kayan, na gode. Na kuma ga layi biyun da kika ja a ƙarƙashin "na can", sai ka ce ɗan ajinki ne ni. Tun 1960 nake jefa ƙuri'a, lokacin ke ko kusa da akwati ba a barinki. Ban taɓa fashi ba. Shekarar da gungume ya karya mini ƙafa a injin katako, a bayan tarakta aka kai ni makarantar nan taku, kina tsaye kina dariya. Ba yanzu zan fara fashi ba. Kuma kafin ki ce in je ofishin jakadanci, motar haya biyu ce da jirgin ƙasa, na tambayi kwankwason ya ce bai yarda ba.

Maganar shaidu. Ɗaya dai ina da ita. Kullum da safe tare muke shan kofi a bakin taga, ita ba ta da surutu, ni ba na ji, mun dace. Ta biyun ce babu.

Daga tagar muna kallon titi. Mai burodi ya wuce da motarsa, sai yara, sai Hélder ɗan maƙwabciyarmu Arminda in ya dawo da tirelarsa. Takalma yake kaiwa har Göteborg duk sati biyu. Wani lokaci nakan tsaya ina kallon tayoyin nan, in ce a raina waɗannan sun taka ƙasarmu.

Ki gai da gwiwar. Ki gaya wa likitan ina bayansa.

Sixten


Junsele
10 ga Agusta

Sixten,

Lafiya lau muke, ina fata kai ma haka. An fara sayar da kifin gwangwaninmu mai wari, maƙwabta sun buɗe nasu tun kafin ranarsa, har karena ya ƙaura ƙarƙashin gado.

To, malam! Ashe haka? Wace ce? Na karanta layin nan sau uku, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Kullum da safe, a bakin taga! Ni ina nan ina tausayinka, ina cewa ɗan'uwana yana can shi kaɗai da inabi, ashe kofi ake sha mutum biyu. 'Yar can ce ko tamu ce? Ta iya dafa dankali ko mai take zuba masa har ya nutse? Kuma wace irin mace ce marar surutu, a ina ka samo ta?

Zan faɗa maka gaskiya, don ban iya ɓoyewa ba: abin ya ɗan sosa mini rai. Berit ƙawata ce tun muna 'yan mata, ni na haɗa ku a wajen rawa, kuma wata goma kacal ke nan. Ban ce ka yi laifi ba. Mutum ba dutse ba ne. Amma da ka faɗa mini kai tsaye, ba ka soke shi a tsakiyar maganar zaɓe ba.

Tunda haka ne aikin ya yi sauƙi. Mace ba ta rasa ƙawa ko 'yar'uwa. Ta kawo ɗaya, su sa hannu, ka jefa. Ka turo mini hotonta in ga ko ta kai.

Gunvor


Ponte de Lima
17 ga Agusta

Gunvor,

Ina lafiya.

Hotonta kike so. Kina da shi. Ke kika ɗauka, a bakin kogi, ranar bikin tsakiyar rani, tana sanye da rigar nan mai ɗigo-ɗigo. Hoton Berit, shi ne a bakin taga. Da shi nake shan kofi. Na ɗauka in na rubuta haka za ki gane, tunda kin fi kowa sanina.

Kwana biyu na yi ban iya ɗaukar biro ba. Yanzu na huce kaɗan, bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ba ni da shaida ko ɗaya, Gunvor. Shekara tara a garin nan, ba ni da mutum biyu da zan ce su zo su tsaya mini minti biyar. Berit ce ta iya yarensu, ita ce mai shiga gidaje, ita ce mai sanin wa ya haihu wa ya rasu. Ni ina bayanta ina gyaɗa kai. Zaɓe biyun da suka wuce, ita ta kira Dona Arminda da wani, aka sha kofi aka sa hannu, ban ma san yadda ta yi musu bayani ba.

Da Berit ta rasu, Arminda ta yi kwana bakwai tana kawo mini miyar kabeji da dankali. Rana ta takwas na ce a raina ya isa, matar nan tana da nata gidan, kada in zame mata kaya. Kin san yadda aka tarbiyyantar da mu. Ta ƙwanƙwasa, na zauna shiru a kicin kamar ba na nan. Ta ajiye tukunyar a bakin ƙofa ta tafi. Na ci, na wanke, na ce gobe zan mayar. Goben ta zo na rasa abin da zan ce mata, da wane baki ma. Sati ya wuce, kunya ta ƙaru. Yau wata goma tukunyar tana kan kantata, ja ce, hannunta ɗaya ya ɗan lanƙwashe. In na hango Arminda a titi sai in tsaya ina duba akwatin wasiƙa har ta wuce. Ta daina ɗaga mini hannu tun bikin Kirsimeti, kuma ban ga laifinta ba.

Ga abin da nake roƙo. Na rubuta ƙuri'ata, na manne, ga ambulan ɗin a ciki. Ki sa hannu a layi ɗaya, ki sa maƙwabcinki ya sa a ɗayan, ki dawo mini da shi in jefa daga nan. Kin san rubutuna, kin san wanda na zaɓa tun kafin in zaɓa. Babu wanda aka cuta. Shekara saba'in kin san ni, ban taɓa roƙonki komai ba.

Sixten


Junsele
23 ga Agusta

Sixten, ɗan'uwana,

Ina fata wannan ta same ka da sauƙin kwankwaso. Ni ƙalau nake a jiki, amma tun da na buɗe wasiƙarka kunya ta hana ni sakat. Ka yafe mini. Bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ɗauko nawa hoton na Berit na ajiye a kan tebur, na ba ta haƙuri ita ma, na yi kuka mai isata.

Yanzu kuma zan ƙara ɓata maka rai. Ba zan sa hannu ba.

Na zauna da ambulan ɗinka a gabana har kofina ya huce. Biro yana hannuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma layin nan cewa yake na gani da idona mutumin nan ya yi wannan shi kaɗai, ba wanda ya tilasta shi. Ban gani ba, Sixten. Shekara talatin ina zaune a teburin nan, na mai da ambulan ɗin limamin cocinmu saboda bai manne ba, na mai da na surukata. In na sa hannu a naka, ranar Lahadi da wane ido zan kalli mutane? Kuma kai da kanka, da wani ne ya yi, da ka fi kowa ɗaga murya.

Akwai wani dalilin, shi ne ma babba. In na sa hannu, tukunyar nan za ta shekara goma a kan kanta. Ni ina kilomita dubu uku daga inda kake. In ka faɗi a banɗaki ba ni zan ji ba. Wadda za ta ji tana tsallaken titi, kai kuma kana duba akwatin wasiƙa.

Na ƙona wancan ambulan ɗin a murhu ban buɗe ba, tunda an manne shi ba shaida. Ga sababbin kaya. Ka ɗauki tukunyar ka tsallaka. Kada ka kai ta wofi, ka zuba wani abu a ciki, ko me ka iya. Ba sai ka yi magana ba. Ka sa na'urarka a kunne, ka ƙwanƙwasa, ka tsaya har a buɗe. In ta rufe ƙofa a fuskarka, ka rubuto ka zage ni, zan karɓa.

Lokaci yana tafiya. Ka jefa kafin biyar ga Satumba in kana so ya iso ranar Lahadi.

Taka, ko kana fushi,
Gunvor


Junsele
3 ga Satumba

Sixten,

Lafiya? Kwana goma sha ɗaya ba labari. Na kira wayarka sau shida, na san ba ka ji, amma na kira. Maza duk sun shiga daji farauta, garin ya yi tsit, ni kuma ina zaryar akwatin wasiƙa har mai kawowa ya fara tausayina. Jiya ya ce, "Gunvor, saurayi ne?" Na ce, "Tsoho ne mai taurin kai, wuce ka ba ni wuri."

In fushi kake, ka yi fushinka, ka dai turo kati ko da layi ɗaya ne in san kana tsaye. Ban janye abin da na ce ba. Amma ina jin tsoro, kuma ba na son jin tsoro.

Gunvor


Ponte de Lima
9 ga Satumba

Gunvor,

Ina tsaye. Kwankwason ma yana gaishe ki. Wasiƙunki biyu sun iso. Ta farkon na jefa ta a kwandon shara, na ciro, na sake jefawa. Kwana goma ina zaginki da safe a gaban Berit, ita kuma tana kallona da murmushin nan nata, ba ta goyi bayana ba.

Abu ɗaya na iya dafawa, miyar wake ta ranar Alhamis, wadda na koya a soja. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na dafa, na zuba a jar tukunya, na tsallaka titi. Na kai bakin ƙyaurenta, na ji muryoyi a ciki, na juyo. Kwana uku ina cin miyar wake. Jiya Litinin na sake dafawa. Miyar Alhamis ranar Litinin, da uwata ta gani da ta ce duniya ta ƙare.

Da la'asar na sa na'urar a kunne, na sa ambulan a aljihun riga, na ƙwanƙwasa. Na nemo kalmar ban haƙuri a ƙamus ɗin Berit, na haddace ta tun safe, amma da ƙofar ta buɗe sai ta gudu ta bar ni. Arminda ta kalli tukunyar, ta kalle ni. Sannan ta fara faɗa. Gunvor, minti biyar tana yi ba numfashi, tana nuna tukunya, tana nuna gidana, tana nuna sama. Ban ji kalma ɗaya ba amma na gane duka. Na tsaya kamar yadda kika ce. Da ta gama sai ta buɗe murfin, ta sunsuna, ta yatsina fuska, ta ja ni ciki da hannun riga.

Na ciro ambulan ɗin zan fara kwatance da hannu. Ba ta bari ba. Tana ganinsa ta ɗaga yatsu biyu, ta tafi ta ɗauko tabaranta. Ashe ta tuna. Ta buɗe wata kalanda ta nuna mini watan Satumba, ta yi masa da'ira da jan biro tun tuni, da sunan Berit a gefe. Jira take in zo.

Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa wanta Anselmo kira, tsohon wanzami ne, ya zo da hularsa a hannu kamar za shi jana'iza. Na nuna musu cewa su gan ni amma kada su ga takardar. Sai suka ɗauki ƙyallen tebur, ita gefe shi gefe, suka ɗaga mini shi daidai ƙirji, kawunansu a sama suna kallon fuskata. A bayan ƙyalle mai zanen zakaru na zaɓi ma'aikata, ki ji da kyau. Suka sa hannu. Anselmo ya yi minti uku yana zana sunansa. "Senhor Sisto" suke ce mini, na bar su.

Sun ci miyar. Anselmo ya ƙara. Arminda ta zuba wa tata man zaitun da tsiran alade, ta ce wani abu da ya sa wanta dariya har da tari.

Na nuna mata ranar sha huɗu a kalanda, na nuna agogo, don ta san lokaci ya ƙure. Ta ƙirga kwanakin da yatsu, ta girgiza kai, ta karɓe ambulan ɗin daga hannuna ta sa a aljihun gaban rigarta, ta dafa ƙirji. Na gane tana cewa in bar mata, ta san hanyar da ta fi sauri. Na bar mata. Rabon da in bar wa wani wani abu har na manta.

Ki shirya, tawa tana tafe ta soke taki.

Sixten


Junsele
17 ga Satumba

Sixten, ɗan'uwana,

Lafiyata ƙalau, sai gajiya. Wasiƙarka ta iso jiya Talata, na karanta ta a tsaye a bakin akwati, na yi dariya na yi hawaye har mai kawowa ya tsaya yana kallona. Yanzu na dawo daga Sollefteå, ko takalmi ban cire ba. Gara ka ji daga bakina.

Ambulan ɗinka ya iso. Ba a ƙirga shi ba.

Shi ne na goma sha huɗu a cikin tarin da aka ba teburinmu. Na gane rubutunka tun daga nesa. Na juya shi sai na ga kan sarki. Namu ne, Sixten. Hatimin Göteborg, ranar Juma'a sha biyu ga wata. Nan take na tuna tirelar takalma. Arminda ta ba ɗanta Hélder, ya ɗauko shi a gaban mota ya ratsa ƙasa biyar da shi, ya sauka ya nemi kan sarki ya manna, ya jefa, don ya riga jirgi isowa.

Ingemar, shugaban teburinmu, ya ga fuskata. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Na Sixten ne?" Na ce, "Nasa ne." Ya ce, "Tashi ki je ki sha kofi, ni zan ajiye shi." Na ce, "A'a. Ni na tura shi ya ƙwanƙwasa, ni zan ajiye." Kafin in ajiye na karanta bayansa. Arminda Barros. Anselmo Barros, da wata doguwar jela a ƙarshen sunan wadda ta kusa fita daga takardar. Sau uku na karanta. Sannan na sa shi a tiren gefe da hannuna, a manne yadda ya zo. A shekara talatin ban taɓa ajiye abin da ya yi mini nauyi haka ba.

Na san abin da wannan yake nufi a wurinka. Tun 1960. Ba zan ce maka ba komai ba ne.

Saura abu ɗaya, kuma in ka faɗa wa wani zan ƙaryata. Ranar Lahadi ban san kana raye ko kana fushi ba. Duk ambulan ɗin da aka kawo daga waje na duba, babu naka. Na ƙi jefa tawa tun safe, ina cewa ko wani abu zai zo. Takwas saura kwata, ana shirin rufewa, na tashi. Ka san ni, a gaban kowa nake ɗaukar takardar manoma ita kaɗai, duk Junsele an sani. Ran nan sai na ɗauki ta kowace jam'iyya, ɗaya-ɗaya, yadda masu ɓoyewa suke yi. Ingemar ya sauke tabarau yana kallona. Na shiga bayan labule na daɗe. Na ce a raina, in tasa ba ta zo ba, to kada gidan Hulda ya tashi ba ƙuri'a. Na sa ta ma'aikata. Na manne, na fito. Doka ba ta hana ni ba, na duba.

Saboda haka an jefa taka, Sixten, sau ɗaya, a makarantar Junsele. Tawa ce ba a jefa ba. Allah ya sa kakata Alma ba ta gani ba.

Ka gai da Dona Arminda. Ka ce mata akwai wata tsohuwa a arewa da ta san sunanta.

Gunvor


Ponte de Lima
25 ga Satumba

Gunvor, 'yar'uwata,

Ina lafiya. Anselmo ya rage mini inabin, ƙofar baya ta buɗe. Ya kuma yi mini aski ban roƙa ba.

Na karanta. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na zauna a bakin taga ina gaya wa Berit har rana ta juya.

Hélder ya dawo ranar Talata. Ya shigo har kicin ɗina yana dukan ƙirji, ya nuna mini hoton akwatin wasiƙar da ya jefa a ciki, rawaya, irin namu. Ashe sai da ya bar hanyarsa ya shiga gari da tirela don ya same shi. Na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce na gode, da yarensu, kalmar ba ta gudu ba wannan karon. Bai san ba a ƙirga ba, uwarsa ba ta sani ba, kuma ba za su sani ba. Ke ma ki riƙe bakinki, in zai riƙu.

Ke kuma. Shekara hamsin ina kawo miki hujja ba ki motsa ba. Sai ga shi kin jefa wa ma'aikata saboda ni. Amma sau ɗaya ya isa. Zaɓe mai zuwa ki koma wa manomanki, ni zan kai tawa gidan waya da ƙafata, shaiduna suna tsallaken titi.

Jiya Arminda ta aiko da miyar kabeji. Tukunyar tana wurina yanzu haka, na jiƙa wake. Gobe zan mayar.

Sixten